Abin Wuyan Kofur

Guwanzo, ƙasar Sin
Watan Rajab, 1998

Assalamu alaikum. Ƙanenka Ghali ne ke rubuta min wannan, a masaukinmu na unguwar Liwan. Na ce ya sa yadda na faɗa, kar ya sassauta, kuma zan ba Saffana 'yar Maraɗi ta karanta min in ji ko ya yi min gyara. Sunanka shi zai sa a bayan ambulan, ka san ba ya fita a bakina. Ina fata kana lafiya a duwatsun naku na Indiya, Allah ya tsare ka daga zazzaɓi da macizai. Mu lafiya lau, sai ƙafa. Matarka Mas'uda da yara na baro su lafiya a Kano. Ƙaramin ya fara kiran Ghali baba, ban hana shi ba.

Wasiƙarka ta same ni tun kafin in taso, kar ka ɗauka saɓani aka yi. An karanta min ita sau biyu. Ka ce ka gano ƙauyen mutanen Naga ɗin da suka tsinci mahaifinku Kofur a daji lokacin yaƙin Bama, suka yi jinyarsa. Ka ce ka nuna wa dattawansu hoton abin wuyan da wata tsohuwarsu ta rataya masa, mai jajayen duwatsu da ƙananan kawuna na tagulla, suka gane na zuriyarsu ne, har wani tsoho ya yi kuka. Ka ce sun ce in ka maido shi za su bar ka ka haƙa kufan kakanninsu, in babu shi babu haƙa, jami'a kuma ba za ta ba ka takardar dakta ba. Kuma wai ka riga ka yi musu rantsuwa. To, da kayan wa ka rantse?

Ga abin da ya faru da shi. Na sa shi a jaka na taho da shi nan. Mutanen garin nan in ka ba su samfur, ko hancinka ne sai su yi maka dubunsa. Ghali ya kai ni wajen wani lawban, wato mai shago, mai yin kayan ado, ya juya shi, ya yi dariya, ya sa almakashi ya datse zaren a gabana. Ya ce sai an warware kafin a yi masa ma'auni. Ghali ya riƙe min hannu ya ce in tuna da Yaya, na ce na tuna. Yanzu an cika mana katan-katan da irinsa na roba, sun fi na asalin sheƙi, 'yan Kantin Kwari har sun fara aiko da saƙo. Da aka gama Ghali ya koma neman duwatsun asali, lawban ya ce meyo, wato babu. Yaran shagon sun share su cikin tarkace. Kan tagulla guda aka samo, shi ma an goge masa fuska. Ban yi musu da kowa ba.

Na san za ka ce na rusa tarihi. Shekara uku Kofur yana kwance rabin jikinsa a mace, ni ke juya shi, ni ke kwashe masa. Duk wanda ya yi sallama a zaure sai ya ce ko kai ne. Aka aika maka, ka ce damina na tafe, in ba ka gama auna tsayayyun duwatsu ba aikin shekara ya lalace. Aka sake aikawa, ka ce kana jera tsingaro. Ranar da zai cika ya tambaye ni inda kake, na ce kana can kana hidimar matattun wasu. Ya juya fuska bango. Ko takardar ta'aziyyarka layi biyar ce, wannan ta abin wuya kuwa shafi huɗu. Wanda ya bar gida, gida ya bar shi.

Na sa maka guda ɗaya na robar a cikin kunshin nan. Ka kai wa tsohon da ya yi kuka, ko ka tsaya gabansa ka faɗa masa gaskiya. Duk wanda ka zaɓa, kai za ka kalli idonsa.

Saffana na gaishe ka, Alhasan mai kwantena ma haka. Ka gaida malamin naka da ka ce ya zame maka uba.

Sai batun haƙƙi, don kar a ruɗe. Ghali ba ka bin sa komai, umarnina ya bi, ga shi nan yana rubutu yana share hanci. Mutanen Naga ba sa bi na, Kofur suka ba, ni na gada. Kai suke bi, don kai ka rantse. Mas'uda na bin ka miji. Mahaifinka kuma na bin ka ƙasa cikin tafi guda, wadda kowane maƙwabci ya zuba masa ban da kai. Kabarin ba shi da alama, kuma na hana a nuna maka. Tunda neman matattu ka karanta, in ka dawo ka nemo shi.

Wadda ta haife ka,
Hajiya Yalwa