Haƙorin Makkan Hajiya Gambo

Zuwa ga Babban Likita mai duba maniyyata,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ni mai sayar da shanu ne a kasuwar Wudil. Na rubuto ne kan haƙorin Makka, wanda ya kashe mini mata, kuma ga maniyyatan bana suna shirin sa shi.

Na ɗaya. Bara waccan, da kasuwa ta buɗe, na kai matata Gambo aikin Hajji. Kafin mu tashi kun yi mana lamba, kun gargaɗe mu kan zafin rana da ruwan sha. Babu wanda ya ambaci haƙori. A can wani mai rumfa ya goge mata lafiyayyen haƙori ya kifa na zinare, da kayan da ban ga ya wanke ba. Ni na matsa mata, don a ga shaida in ta yi murmushi.

Na biyu. Kullum tana goge shi da asuwaki har yana ƙyalli. Sai dasashi ya fara jini, baki ya soma wari. Aka ce a cire, ta ƙi, wai abin ƙasa mai tsarki ba a fitar da shi. Na goyi bayanta. Da muƙamuƙi ya kumbura muka je Kano, likitan haƙori ya ce ƙwayoyin cuta suna manne wa ƙarfe, su yi yauƙi kamar na cikin randa, a tsakanin zinaren da dasashi, inda asuwaki ba ya kaiwa. Dafin ya riga ya shiga jini. Kwana shida ta yi, ta rasu.

Har yau in wata Hajiya ta gaishe ni, haƙorinta ya haska, kau da kai nake yi. Warin nan kuwa ina jin sa a ɗakin Gambo, ko da an yi turare. Laifina na sani, amma ku ma kun yi shiru.

Roƙona biyu ne. Ku faɗa wa maniyyata wannan a ranar lamba, da Hausa. Sannan ku turo likitan haƙori Wudil ya duba waɗanda suka riga suka sa. Ni zan fara shiga layi, don rana ɗaya aka sa mana haƙorin ni da ita, kuma makon nan na soma ganin jini a asuwakina.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka ji kukan nan da wuri.

Wassalam.

Alhaji Sabo Mai Shanu,
Kausani, Wudil.