Kayan da Salomi Ta Kushe

Gomari, Maiduguri, Maris 1989

Ƙanwata Agnes,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya sanyin Jos, ya keken ɗinki?

Albishirinki, Maiduguri ta ci gaba. Yanzu muna da lauyoyin kyauta. Ran Asabar suke zama a wani aji bayan coci a Moduganari, duk matar da miji ya daka ko ake neman ƙwace wa ɗa ta je a saurare ta, ko ruwan sanyi ba sa karɓa. Mutanen kirki ne. Ni dai tun da na fara sayar da banda a kasuwa, kifin da na ga an bayar kyauta shi ne wanda ya fara wari, amma wataƙila ilimi ba ya wari.

Abin da ya kai ni wurinsu, mijinki Dzarma ne. Ya zo da baffansa, wai yana son 'yarsa Edith. Tun ranar da kika gudu da karyayyen hannu kika bar mini ita tana rarrafe, ko sabulu bai aiko ba. Yanzu da ta isa aike da wanke-wanke ya tuna jininsa ce. Ya kai ƙara kotu.

Lauyata sunanta Florence, 'yar siririya mai tabarau, duk abin da mutum ya faɗa sai ta rubuta, har tari. Ta tambaye ni takardar riƙo. Na ce uwar yarinya ta miƙo mini ita ta kan katanga ta ce "Yaya, ga ta", takardata ke nan. Ta ce kotu ba ta san katanga ba. Dole ki zo da kanki ki nuna wa alƙali hannun nan.

Ki zo, kada ki ji tsoro. Dzarma kuwa ki bar ni da shi, na yi ciniki da waɗanda suka fi shi taurin kai. Edith tana nan, da yamma ta hau turmi tana leƙen filin jirgin sama da ke kusa da mu, tana gaya mini jirgin da ya sauka, sai ka ce akwai baƙon da muke jira.

Yayarki,
Salomi

Moduganari, Mayu 1989

Zuwa ga Malama Salomi Pindar,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na rubuto ne domin ba ki zo ofishinmu ba tun ranar hukunci.

Kamar yadda kika ji, kotu ta ƙi ba Dzarma yarinyar, ta kuma hana shi kusantar Agnes. Na so in roƙi kotu ta bar Edith a hannunki. Amma kin tashi a gaban kowa kin ce tana da ci fiye da kima, tana fitsarin kwance, ba ta jin magana, kuma ta ishe ki. Ganin irin nauyin da kika ɗauka shekara da shekaru, ni da Agnes muka shawarta muka roƙa a mayar da ita ga mahaifiyarta, kotu ta amince.

Ina taya ki murna. Ba kullum muke samun irin wannan nasara ba. Yanzu sai ki huta.

Taki cikin girmamawa,
Florence Thomas

Gomari, Mayu 1989

Lauya Florence,

Na gaishe ki, na gaida tabaranki. Aikinki ya yi kyau, ban taɓa ganin kunne irin naki ba, kalma ɗaya ba ta faɗi ƙasa ba.

'Yata, wa yake yi miki cefane? Na tabbata ba ke ba ce. In 'yan Baga suka sauke kwandon kifi na ga wanda raina yake so, ba na yabonsa. Sai in ɗaga in shinshina in yamutse fuska, in ce ƙwari sun shiga, in juya kamar zan tafi. Duk wanda yake takara da ni sai ya janye, kwando ya zama nawa. Abin da na yi wa Dzarma ke nan. Mutumin yana neman 'yar aiki ne, na nuna masa asara zai kwasa. Ba ki ga baffansa ya fara kallon ƙofa ba? Duk matan kasuwa da suka raka ni sun gane, har Hajara mai daddawa tana taka mini ƙafa. Ke kaɗai da ƙanwata kuka saya yadda na faɗa.

Za ki ce me ya hana ni magana da alƙali ya yanke. Na juya na ga Agnes ta riƙe hannun yarinyar da hannun nan da ya karye, tana kuka tana yi mini godiya. Ciniki ya riga ya faɗa. Mu a wurinmu, in an ce an sallama, ba a komawa.

Kin ce in huta, ina hutawa. Na dafa tuwo jiya, na manta na tuƙa na mutum biyu.

Wannan maganar ta tsaya tsakanina da ke. In kin ga dama ki rubuta, amma kada Agnes ta gani.

Salomi mai banda

Jos, Yuli 1989

Yaya,

Ina gaisuwa da ladabi, Ubangiji ya saka miki. Ban san irin wahalar da kika sha ba sai ranar kotu. Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba? Da na zo na ɗauke ta tuntuni.

Na sa Edith a makaranta. Sai dai, Yaya, abin yana ɗaure mini kai. Tun da muka zo ba ta taɓa jiƙa katifa ba. Abinci kuwa loma kaɗan take yi ta ture kwano, in na matsa sai ta ce kada ta cinye mini. Aike tun kafin in rufe baki ta tashi. Har yanzu "Anti" take ce mini, ke ce Mama. Ban hana ta ba.

Ran Lahadi bayan sujada ta ce in rubuta miki cewa ta daina cin abinci da yawa. Ta ce kuma in tambaye ki, abin da kika faɗa a kotu, da gaske ne?

Na ce zan tambaya. In kina so ta zo hutun Kirsimeti, ki faɗa. In kuma ta ishe ki kamar yadda kika ce, ba komai, kin yi iyakar ƙoƙarinki.

Ƙanwarki,
Agnes

Gomari, Agusta 1989

Agnes,

Na gaishe ku. Ga banda nan na ba direba, manyan na Edith ne, ki tsaya a kanta ta cinye.

Ki tambaye ta, Mama ta taɓa kushe kifin da ba ta so? Ta sha zama a rumfata, ita za ta gane, ke kada ki wahalar da kanki.

Kirsimeti ki turo ta, in ba ki da inda za ki ajiye ta. Turmi yana nan inda ta bar shi. Jirage suna ta sauka, ba mai gaya mini.

Lauya ta sake aiko mini da barka, wai har sun ba da labarinmu a taronsu. Ke da kika zauna da masu boko a Jos, ki tambaya mini: wanda ya ci shari'a, haka gidansa yake yin shiru?

Yayarki,
Salomi