Tsibin Irin Citta

Kwoi, 20 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Nana Khadija,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam Saifuddeen da yara. Yaya ƙafar taki? Mu nan sai godiya ga Ubangiji.

Yaya, kunya ce ta hana ni kiran ki a waya. Ranar da na zo shagonki a Kafanchan na gaya miki cutar bara ta ruɓar mana da citta, ko iri ba mu tsira da shi ba, kin ce in shiga sito in ɗauki tsibi ɗaya. Ni a Hausata, tsibi shi ne ɗan abin da ake kasawa a kan buhu, kamar tumatir. Shi ya sa na cika ɗankwalina kawai na kama hanya.

Jiya sai ga mota a ƙofar gida da buhu tara. Direban ya ce kin ce a gaya mini wancan sunansa kashi. Tsibi kuwa shi ne wanda aka tara har ya kai ƙirjin mutum, kuma dukansa kika ba ni. Na zauna a ƙasa ina dariya, sai hawaye.

Maigidana Ezekiyel ya riga ya samu mai sayen gonarmu, wai in ya sayar zai tafi Abuja acaɓa. Ya daɗe yana kallon buhunan. Ki taya ni addu'a.

Taki,
Keziya

Kwoi, 9 ga Disamba

Yaya Nana,

Ina gaishe ki da dukan gida, da fatan kowa lafiya.

Mun tone citta. Ba zan ɓoye miki ba, ta gefen rafi ta ruɓe. A watan Agusta da ganye ya fara rawaya, abinci ma ya gagare ni. Ezekiyel ne ya riƙa tumɓuke masu cutar yana ƙonawa, ya haƙa magudanar ruwa har tafinsa ya fashe. Ta kan tudu ta tsira. Matan zumuntar cocinmu sun yi kwana uku suna taya mu tsagawa, yanzu tana shanye a kan dutsen bayan coci.

Mai sayen gona ya dawo ranar Litinin da shaidunsa. Ezekiyel ya ba su ruwa, ya ba su haƙuri, ya raka su bakin titi. Da ya dawo ya ce in ware irin baɗi kafin mu sayar da ko ƙwaya ɗaya.

Ki zo mana Kirsimeti, ko yini ɗaya ne. Na riga na gaya wa Malam Nuru mahauci shi zai yanka mana akuyar, don ki ci hankali kwance.

Allah ya kiyaye ku.

Ƙanwarki,
Keziya