Na Daina Cin Alkama, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa mai alkaki ta Zangon Sokode, wadda ta riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki a durƙushe, kamar yadda kika koya mini, tare da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'imarSa. Maigidana yana nan da ɗinkinsa, jikokinki sun ƙara tsawo, rufin ɗakinki da yake yoyo an gyara shi kafin damina. Ni ma ina lafiya.

Wannan karon ba don ladabin wasiƙa na ce ina lafiya ba. Da gaske nake. Kuma lafiyar ce ta jawo mini duk abin da zan gaya miki.

Kin san cikina, Inna. Tun ina yarinya yake kumbura kamar ganga, ga zawo, ga miki a baki, ga ƙuraje masu ƙaiƙayi a gwiwar hannu. Babu saiwar da ba ki dafa mini ba, babu malamin Zango da ban sha rubutunsa ba. In na kwanta ina murƙususu sai ki ce, "Cikin gidanmu ne, gado muka yi. Sha ki tashi, ƙullu ba ya jiran mai ciwo." Sai in tashi mu kama aiki, kina murza alkaki ina soya funkaso, muna ɗanɗanawa tun safe har la'asar.

Da kika rasu sai muka kife kasko. Ba wanda ya taɓa garin alkama a gidan a duk zaman makoki. Maƙwabtanmu Kotokoli su suka riƙe mu da abinci, yau sakwara, gobe tuwon masara, da safe koko. Ina ci ina kuka, ba na ma jin ɗanɗanon abin da nake haɗiya. Amma cikina ya sace. Mikin bakina ya warke, ƙurajen suka fara mutuwa, na tashi da safe ba na jin kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Kumatu suka fito mini.

Ban lura ba sai da masu zuwa gaisuwa suka fara duban fuskata suna duban juna. Wata tsohuwa ta riƙe haɓata ta ce, "Ikon Allah, Habiba, makoki ya karɓe ki." Da ƙasa za ta tsage a ranar da na shige. Uwata tana kabari, ni kuwa ina ƙiba a kan tabarmar makokinta.

Maigidana ne ya sayo mini burodi wata safiya don ya ga ba na cin abin kirki. Kafin azahar ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Na bari ya lafa, na gwada taliya, ya sake dawowa. Sai ya kai ni asibiti wurin lokotoro, wato likita, wani mutumin kudu mai haƙuri da tambaya. Ya ce ya taɓa karanta irin wannan a littafin Turawa, ya faɗi sunansa da Faransanci, sunan ya zube mini kafin in kai bakin ƙofa. Na tambaye shi allura ce ko ƙwaya. Ya ce babu ko ɗaya, in bar alkama kawai, har ƙarshen rayuwata.

Alkama fa, Inna. Abincin da ake kai wa sarki, ake kai wa amarya, ake dama wa mai jego. Da ya ce in bar giya ko naman da bai halatta ba, da kowa ya gane. Wa zan gaya wa cewa 'yar Hauwa mai alkaki alkama ce take kashe ta?

A cikin haka ƙanwarki Iya Ladi ta iso daga Dapango don sadakar arba'in. Ta ce ba za a yi sadakar Yayarta da masa kaɗai ba kamar ta kowa. Ta ɗauko kaskonki, ta kwaɓa ƙullu da hannunta, ta soya funkaso har ƙamshinsa ya kai bakin masallaci. Na farko da ya fito ta ɗora a faifai ta miƙo mini a gaban matan Zango, don 'yar mamaciya ce take fara ci. Na ce mata ba zan iya ba. Na fara yi mata bayanin lokotoro. Ta dubi faifan, ta dubi kumatuna, ta ce, "To. Allah Ya ƙara lafiya." Washegari ta hau kamiyo, babbar motar kaya, ba ta yi mini sallama ba.

Kin san abin da ƙin abincin mutum yake nufi a Zango. Na ɗauka tana ganin na zargi hannunta, kamar na ce ta zuba mini wani abu. Na aika mata da gaisuwa ta bakin fatake, shiru. Na aika da goro, aka dawo mini da shi a ganyensa.

Tun daga nan ban huta da bayani ba. Duk gidan suna, duk gidan biki, sai an ajiye mini alkaki ko dubulan, sai na sake faɗin abin da na faɗa jiya, sai an ce, "Ɗan guda ɗaya dai, ai ba guba ba ce." Wasu suka ce girman kai ne, tunda na je wurin lokotoro na zama Baturiya. Su Turawan da ba sa wuni sai da burodi. Wasu suka ce iska ce ta shafe ni, wata ta ce sammu ne, ta kuma san wadda ta yi. Yanzu in za ni taro sai in ƙulle ɗan dambu a gefen zane kamar matafiyiya, in ɓuya bayan rumbu in ci. Da azumi kuwa kada ki tambaya. Kwanukan maƙwabta suna shigowa, yara suna wawaso, ni ina zaune da kunu ina haɗiyar yawu.

Sana'ar ma ta gagare ni. Ke kika ce, "Mai abinci ba ta sayar da abin da harshenta bai shaida ba." To ni harshena an ɗaure shi. Na sa maigidana ya riƙa ɗanɗana mini, amma shi ko gawayi na ba shi zai ce da daɗi. Na yi wa wasu alkakin gara, ashe tsami ya yi yawa, uwar amarya ta ce a gaban mutane hannun Hauwa ya bi ta kabari. Masu saye kuma suka fara tambayar me ya sa mai alkaki ba ta cin alkakinta, me ta sani a ciki da su ba su sani ba. Na koma masar shinkafa da ƙosai. Masu masa a Sokode sun fi masu cinta yawa.

Duk wannan zan iya ɗauka, Inna. Abin da ya gagare ni shi ne Iya Ladi. Ita kaɗai ta rage daga cikin da ya haife ki. Muryarku ɗaya, tarinku ɗaya, in ta juya baya tana daka sai in ga ke ce. Na rasa ki ba da sona ba, ban ga yadda zan rasa ta a kan funkaso guda ba.

Bayan salla na bar yara da ubansu na hau kamiyon Dapango. Hanya ta jijjige ni har na manta inda ƙashin bayana yake. A garin Mango masu talla suka kewaye mu da burodi, na sayi gyaɗa na kawar da kai.

Ta amsa sallamata, ta ba ni ruwa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ba ta tambaye ni hanya ba. Da yamma na ji tana bugun ƙullu a bayan ɗaki, na san sautin tun kafin in san sunana. Washegari da hantsi ta ajiye mini funkaso da miyar taushe ta ce, "Ga abincin gidanku." Ta zauna a turmi tana kallona.

Na ci, Inna. Na san abin da zai biyo baya, na ci. Kuma ba zan ɓoye miki ba, irin naki ne sak, laushinsa da ɗan tsaminsa. Ina tauna hawaye yana shiga cikin miya. Ban tsaya a guda ɗaya ba.

Kafin la'asar na fara zarya bayan gida. Na kwanta a ɗakinta kwana da kwanaki, ciki kamar ana murɗa wanki. Ita ta riƙa riƙe mini kai, ita ta wanke mini zannuwa, ita ta dama mini kunun gero tana ba ni a ludayi. Ranar da na iya zama na jingina da bango, a ranar ta buɗe maganar. Tana ɓarar gyaɗa, ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Ke kina zaton don kin ƙi hannuna na yi fushi? Ni na san ciwon nan tun ba a haife ki ba."

Sai ta tuna mini lokacin yaƙin Turawa, da gari ya daina zuwa daga Lome, hanyar fatake ma ta toshe. Baba bai daɗe da rasuwa ba, ni ina 'yar budurwa. Babu alkama ko ta magani, kika koma sayar da koko da masa. Tana faɗa ina ganinki, Inna. A shekarun nan ne kike ɗauko tulu daga rafi ba kya hutawa a hanya, a shekarun nan ne na ga kin yi rawa a gidan biki har kallabinki ya faɗi. Ni na ɗauka ƙuruciya ce ta dawo miki.

Iya ta ce kin gane sarai cewa alkama ce take cin cikinki. Ta ce da gari ya dawo kanti ta riƙe ƙafarki kada ki koma, kika ce mata, "Ladi, koko ba zai aurar da 'ya ba." Kika koma kina ɗanɗanawa kina riƙe ciki, kina ramewa a gabanmu muna cewa aiki ne.

"Yaya ta ci da saninta har ya gama da ita, saboda ke," in ji Iya. "Ke kuma ranar sadakarta guda ɗaya ya gagare ki, ga kumatu kin ajiye. Abin da ya ƙona ni ke nan." Ta murza ɓawon gyaɗa. Can ta ce, "Amma da na gan ki kwance yadda take kwanciya, ni yanzu ban san da wa nake fushi ba."

Ni na san da wa nake fushi, Inna, ki gafarce ni. Da ke nake. Kin san abin da yake cin cikinki, kina ganin yana cin nawa, kika ce gado ne. Kika dafa mini saiwa, kika kai ni wurin malamai, da safe kuma ki miƙo mini ludayi ki ce in ji ko ƙullu ya tashi. Ko kin ɗauka nawa daban ne da naki? Ko kin ji tsoron in kin faɗa zan ƙi sana'ar in rasa abin riƙe kaina in babu ke? Na juya maganar ta kowane gefe ban samu inda zan kama ba, ga shi babu mai ba ni amsa. Da kin tambaye ni, da na ce a kai ni ɗakin miji da tabarma da ƙwarya ɗaya, ke kuma ki zauna ki ga jikokinki sun girma.

Sai kuma in tuna hannuwanki, duk tabon mai, da yadda kika jera mini kwanuka da tasoshi ranar aurena kina dariya kamar ba ke kika kwana biyu ba ki iya cin tuwo ba. In na tuna wannan sai fushin ya rasa wurin zama. Yakan tafi, yakan dawo. Ban iya yi miki ƙaryar cewa ya wuce ba.

Abin da na zo gaya miki shi ne ba zan bi sawunki a wannan ba. Na daina cin alkama, na daina sana'arta. Sunan da kika yi a Zango da alkaki zai tsaya a kanki. Su ce girman kai, su ce iska, zan ci gaba da ƙulla dambuna a gefen zane. Ƙaramar jikarki ta fara riƙe ciki in ta ci burodi, kuma ita ba zan ce mata gado ba ne. Zan gaya mata sunan abin da Hausa, alkama ce, in hana ta, in zauna da raina in ga aurenta in Allah Ya yarda.

Ranar da zan taso Iya Ladi ta rako ni har tasha. Ta ɗora mini ƙullin guzuri a cinya, fura da ƙuli-ƙuli da kilishi. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Da direba ya tayar da kamiyo sai ta kamo hannuna ta gefen katako, ta matse, ta ce da muryarki, "Kada in ƙara jin kin ci. Ko ni na miƙa miki, kada ki karɓa."

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Allah Ya sa ciwon da kika ɓoye ya zama kankarar zunubi, Ya saka miki da abin da ni ban iya saka miki ba. Ya yalwata kabarinki, Ya ciyar da ke daga abincin Aljanna wanda ba ya cutar da mai cinsa. Ni kuma Ya sanyaya mini zuciya a kanki, Ya bar mini Iya Ladi ta daɗe. Amin.

Ni ce 'yarki mai kewarki,
Habiba, daga Zangon Sokode.