Sunanki a Takardar Yampa

Zuwa ga Marlys, sanyin idona, inuwata a tsakar ranar kwazazzabo, ruwan sanyi a maƙogwarona!

Ina rubuto miki daga wurin aikina, gindin bangon dutsen nan mai cike da ƙasusuwan dabbobin zamanin da. 'Yan kallo sun watse, na gama kakkaɓe ƙura daga ƙashin cinyar dainoson nan da kike ce wa kishiyarki. Tun da aiki ya mai da ke Denver, shi kaɗai nake yi wa hira, shi kuwa bai taɓa amsawa ba.

Kin tuna ranar da kika tuƙa mu a jirgin ruwa, ni da 'yan yawon buɗe ido, a kogin Yampa, tumakin dutse suna leƙenmu daga sama? Da muka iso wani bangon dutse mai zane-zane, kika matsa da jirgin, kowa ya sumbaci dutsen don a wuce haukan ruwan da ke gaba lafiya. Ni kaɗai na noƙe. Kika ajiye filafili kika ce, "Haba Orrin, dutse ma kunyarsa kake ji? To wadda za ta aure ka ta shiga uku!" Aka fashe da dariya, har da ni. Wayyo, da kin san abin da ke bakina a lokacin!

Ni mutum ne mai nawa, na sani. Wanda ya saba shafe shekara yana tono ƙashi ɗaya da ɗan buroshi, ina zai iya gaggawar magana? Amma yau zan faɗa. Ina son ki, Marlys. Ina son muryarki idan ta daki duwatsu ta dawo, ina son fatar hancinki da rana ke saɓulewa, har baƙin kofinki mai ɗacin tsiya ina kewarsa.

Shekara tara ina shiga ƙuri'ar neman izinin bin kogin da jirgina, bana ta faɗo kaina: tara ga Yuni. Ƙanƙarar duwatsu ta fara narkewa, ruwa ya cika, kafin Yuli ya ƙare kuwa zai janye. Kwana biyar, ni da ke. Za ki zo?

A takardar izinin, a gurbin abokin tafiya, na riga na rubuta sunanki da biro. In ba ki zo ba, ba zan goge ba, jirgin kuma ba zai taɓa ruwa ba. Baɗi sai in sake shiga ƙuri'a.

Naki, muddin kogin nan yana gudu,
Orrin