Sunan da Mushe Arkadi Ya Aro

Gure, 1934

Zuwa ga ƙanena Inusa, a Damagaram. Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da Bintu da yara. Mu nan sai godiya.

Bayan haka, na sami aiki, in ana kiransa aiki. Wani Bature ɗan ƙasar Rasha ya sauka nan, Mushe Arkadi. Da can shi ne shugaban wata jarida a garinsu. Sarkinsu ya ɗaure shi saboda rubutu, waɗanda suka tumɓuke sarkin kuma suka ƙone masa injin buga jarida. Ya gudu Faransa, ya yi tuƙin mota, yanzu da furfurarsa yana aika wa wata jaridar can labarai. Ni ne tafintansa.

Tun da aka kore ni daga aikina na bariki ba wanda ya ƙara tambayata abin da na sani, sai shi. Na kwashe labarin aikin tilas na hanyar Gigimi na ba shi, har da waɗanda aka binne a gefen hanya. Ya rantse mini ba ya buga sunan mai ba shi labari, wani suna yake sawa. Duk da haka ina jin tsoro.

Ka gaida mutanen gida.
Wanka, Ibram

Gure, 1935

Ƙanena Inusa, ina gaisuwa. Yaya jikin Bintu? Allah ya ƙara sauƙi.

Jaridar ta iso hannun kumandan, Baturen mulkin Faransa na nan. Mushe Arkadi ya cika alkawari, bai sa sunana ba. Ya rubuta Ɗan Talata mai jaki, mutumin Gidigir, suna ne da ya tsinta a kasuwa. A biranensu irin wannan suna ɓacewa yake cikin jama'a. Mu kuwa Ɗan Talata mai jaki ɗaya ne a Gidigir. Yana kaso a ɗaure, ana dukansa ya faɗi abin da bai sani ba. Matarsa tana zaune a ƙofar kason, goye da jariri.

An kori Baturen jiya. Ya riƙe hannuna yana hawaye, wai bai sani ba. Shi dai kullum yana da inda za a kore shi ya tafi.

Ina ajiye alƙalamin nan zan nufi bariki, in gaya musu ni ne na ba da labarin, da Faransancin da suka koya mini a lakwal, makarantarsu. Ka zo ka ɗauki 'yata Yakura kafin damina. Kada ka bari ta biyo ni da abinci.

Ka yafe mini.
Wanka, Ibram