Murfin da Ban Cire Ba

Laraba da dare, Yakasai

Barci ya ƙi zuwa. Yau na aro na'urar hangen taurari ta makarantarmu don Baba ya ga zoben duniyar Zuhal. Shi ya fara nuna mini tauraruwar Zara ina ƙarama. Na saita ta a tsakar gida, na mayar da murfinta, na je na kira shi. Ya kafa ido ya daɗe, sannan ya ce, "Masha Allah, Binta, na gani. Allah ya yi miki albarka."

Sai da ya shige ɗaki na lura ashe ban cire murfin ba.

Wayyo Allah. Tun yaushe idonsa ya tafi, ni ina ta kallon sama?